Yadda Ake Sa wa Mota Fitilar Zenon da Hannunka Ba Tare da Ka Kashe wa Mutane Ido Ba

Ƙwan zenon, wanda za ka ga an rubuta wa HID a jikin kwali, ba shi da siririn zaren wayar nan da ke jan wuta a cikin ƙwan halojin. Tartsatsin lantarki ne ke tsallake tsakanin ƙarafa biyu a cikin 'yar kwalba mai iskar zenon da gishirin ƙarfe, shi ke ba da hasken. Kamfanin BMW ne ya fara fitar da mota da irin wannan fitila a 1991. Ƙwan halojin na H7 yana shan wat 55 ya ba da hasken da ya kai lumen 1,500 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). Ƙwan zenon na D2S kuwa wat 35 yake sha, ya ba da lumen 3,200. Ninki biyu ke nan har da ɗoriya, kuma da ƙarancin wuta. Duk wanda ya saba tafiyar dare a hanyar da babu fitilun titi, ga ramuka ga shanu ga tirelar da ta lalace ba alama, ya san darajar wannan bambanci.

Amma hasken da ya ninka yana bukatar gidan da zai iya sarrafa shi. In ka zare ƙwan halojin ka cusa na zenon a gidan da ba nasa ba, ba gaba zai tafi ba, watsewa zai yi sama da gefe ya dallare idon mai tahowa. Kai za ka ga gabanka ya yi fari tas ka ɗauka ka ƙaru, alhali nesa ba ta ƙaru ba, shi kuma ɗan'uwanka da ke tahowa ya makance na 'yan daƙiƙu a daidai lokacin da za ku gifta juna. Shi ya sa a ƙa'idar Turai duk fitilar dim da ta wuce lumen 2,000 sai an haɗa mata abin daidaita tsayi da kansa da abin wanke gilashi, a Ingila ma mota na faɗuwa gwajin shekara na MOT in aka tarar da ƙwan zenon a gidan halojin. Don haka yawancin aikin da zan bayyana a kan gidan fitilar yake da saitinta. Sa ƙwan kansa ɗan ƙaramin abu ne.

Fara da duba abin da ke gaban motarka

Tsaya gaban motar ka leƙa cikin fitilar dim. In ka ga ƙwai a tsakiyar kwano mai ƙyalli, taka mai kwano ce, kamar ta Corolla ta 2003 zuwa 2008 ko Accord ta 2003 zuwa 2007. In kuwa wani dunƙulallen gilashi mai kauri ka gani kamar idon bijimi, wannan furojekta ce, irin ta Camry ta 2007 zuwa 2011. A cikin furojekta akwai ɗan faifan ƙarfe da ke yanke hasken a miƙe, ƙasa haske sama duhu. Mai furojekta zai iya tsallake zancen buɗe gidan fitila ya tafi kai tsaye wajen haɗa waya, ko da yake furojektar da aka yi don halojin ba ta kai wadda aka yi don zenon kyau ba. Mai kwano kuwa dole ne ya dasa furojekta a ciki. In ba za ka iya wannan ba, shawarata ita ce ka bar motar da halojinta, ka sayi ƙwai mai kyau.

Zare ƙwan dim ka karanta lambar da ke gindinsa: H4, H7, H1, H11 ko 9006. Motocin da aka shigo da su daga Amurka sun fi zuwa da 9006 ko H11 a dim, 9005 a ful. Da wannan lamba za ka sayi kaya.

Akwai abu biyu da ya kamata ka kawar kafin ka kashe ko kwabo. Na farko gilashin gaba. Roba ce, kuma ranarmu da ƙurarmu suna mayar da ita ruwan ɗorawa ta dushe. In ta dushe, duk ƙwan da ka sa a bayanta hasken warwatsewa zai yi. Goge ta da samfefa mai ruwa, daga lamba 800 zuwa 1500 zuwa 2000 ko 3000, ka bi da man goge fenti, sannan ka fesa mata abin kariya daga rana, in ba haka ba cikin 'yan watanni za ta koma yadda take. Na biyu wutar motar. Sa mitar awon wuta a kan batir: a kashe ya kamata ka ga kusan bolt 12.6, inji na aiki kuma 13.8 zuwa 14.4. Sai ka auna a soket ɗin fitilar tana kunne. Halojin na da saurin jin raguwar wuta, in ta ragu da kashi 10 cikin ɗari hasken na iya faɗuwa da kusan kashi 30. Motoci da yawa da ake kuka da fitilarsu tsohuwar waya ce da dusasshen gilashi ke damunsu, kuma da an gyara waɗannan sai mai motar ya fasa neman zenon.

Kayan da za ka nema

Ƙwai biyu, balas biyu, wayar rile mai fis ɗinta (rile ɗan makunni ne da ke jawo wuta kai tsaye daga batir), in kuma mai kwano ne ƙaramar furojekta biyu ta inci 2.5 da rigarsu ta ado da sabon baƙin danƙon liƙe fitila. Balas shi ne ɗan akwatin da ke ɗaga wutar batir ya buga ta sama da bolt 20,000 don tayar da tartsatsin, sannan ya sauko ya riƙe ta a kusan bolt 85. Ɗauki mai wat 35. Masu kaya a Ƙofar Ruwa ko Panteka za su iya nuna maka mai wat 55 su ce ya fi haske. Ya fi ɗin, amma zafinsa na cinye ƙyallin ƙaramar furojekta, yana kuma gajarta ran ƙwan. Nemi wanda aka rubuta wa AC, mai nauyi a hannu, wanda aka toshe shi ruwa ba ya shiga. Masu DC sun fi araha, sun kuma fi saurin kashe ƙwai.

Lambar da ke ƙarewa da K launi take nunawa, ba ƙarfin haske ba. 4300K shi ne wanda kamfanonin mota suka fi sawa daga masana'anta, fari mai ɗan ɗumi, kuma shi ya fi kowanne haske. 5000K fari ne sol. Daga 6000K ya fara shuɗi, 8000K zuwa sama kuwa ado ne kawai, hasken ya ragu sosai. A hazon hunturu ko ruwan damina, shuɗin haske ya fi gajiyar da ido, jiƙaƙƙiyar kwalta kuma shanye shi take yi. Kada ka wuce 5000K.

Wajen furojekta ne aka fi yin kuskuren da ba a ganewa sai an gama aiki. Layin da take yankewa ba miƙaƙƙe ba ne har ƙarshe, yana da ɗan tudu da ke hawa gefe ɗaya don ya haska bakin hanya da alluna. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Ghana a 1974, haka Nijar da Kamaru da Chadi duk dama suke bi. Furojektar da ta dace da mu ita ce mai rubutun LHD, wadda tudunta ke hawa dama. Mai RHD ta Japan da Ingila ce, tudunta hagu yake hawa, wato daidai fuskar direban da ke tahowa, kuma babu saitin da zai gyara wannan. Ka kuma tabbatar mai aiki biyu ce, wadda ake rubuta wa bi-xenon: tana da ɗan maganaɗisu da ke kwantar da faifan ƙarfen in ka ba da ful, hasken ya buɗe sama. Yawancin ƙananan furojektocin nan ƙwan zenon mai gindin H1 suke ɗauka ko da motarka 9006 ce, sai ka sayi ƙwan da ya dace da furojektar, wayar rile kuma wadda ta dace da soket ɗin motar.

Kayan aiki kuwa sifana mai lamba 10, sukundireba mai baki da mai tauraro, filaya, mita, tef ɗin awo, alli, safar hannu, da na'urar hura iska mai zafi irin ta masu liƙa tinti.

Buɗe gidan fitila da dasa furojekta

Kashe mota, zare makulli, kwance kan batir na negatif. A yawancin motoci sai ka sassauta bamba kafin fitilar ta fito. Ɗauki hoton kowane soket da wayarka kafin ka zare shi, notuna kuma ka tara su wuri guda.

Cire duk ƙwayayen da roba da sukurorin da ke bayan gidan fitilar, har da ƙananan ƙarafan da ke maƙale gilashi. Abin da ke riƙe gilashin danƙo ne. Na yawancin tsofaffin Toyota da Honda baƙi ne mai laushi in ya ji zafi. Wasu motocin Turai da sababbin motoci kuwa nasu tauri ne da shi kamar roba, zafi ba ya narkar da shi yadda ya kamata. Soka bakin sukundireba a gefen haɗin: in ya lotsa ya yi yauƙi, ci gaba. In ya yi tauri, kai wa wanda ya saba, don a nan ake fasa gidan fitila.

Ajiye fitilar a rana ta ɗumama tukuna. Sannan ka bi layin haɗin da iska mai zafi kana zagayawa, kada ka tsaya wuri ɗaya robar ta narke. Bayan kamar minti bakwai zuwa goma danƙon zai saki. Fara ɓanɓarewa daga kusurwar da ke kusa da tsakiyar mota, a hankali, kana ɗaga 'yan kunnuwan robar ɗaya bayan ɗaya. In ya ƙi, ƙara zafi, kada ka ƙara ƙarfi. Danƙon zai riƙa jan zare, yanke shi kada ya taɓa kwanon. Kwanon nan ƙyallinsa siriri ne ƙwarai, ko yatsa ka goga sai ya bar tabo, tsumma kuwa kankare shi yake yi.

A gaban ramin ƙwai akwai 'yar hular ƙarfe, kwance ta. Zura wayoyin maganaɗisun furojektar su fita ta baya, sa wa wuyanta zoben robar da ya zo da ita, ka zura wuyan ta cikin ramin ƙwai daga gaba. Ta baya sai ka sa faifan da ya dace da ramin motarka, ka ɗaura babban notin da hannu, kada ka matse tukuna. Wani lokaci ramin 9006 na bukatar a ɗan goge shi kafin wuyan ya shige. Sa rigar adon, ka gwada ɗora gilashin gaba ka ga ko wani abu na taɓawa. In rigar ta yi tsawo, rage ta.

Yanzu ga matakin da bai kamata a yi gaggawa a kansa ba. Kada ka liƙe gilashi. Mayar da fitilun biyu jikin mota a buɗe, ka ɗaure su da notinsu, ka haɗa waya kamar yadda zan faɗa a ƙasa, ka kunna su a gaban bango a wuri mai daidai. Duba layin yankan kowace: dole ya kwanta a miƙe, bai karkata ba. In ya karkata, kashe fitila, jira ta huce, murɗa furojektar kaɗan, sake kunnawa. Sukurorin saiti na bayan fitila sama da ƙasa da hagu da dama kawai suke kaiwa, ba sa gyara karkata. In ka liƙe a karkace sai ka sake buɗewa daga farko. Da layukan biyu sun miƙe, matse notin sosai, ka ɗiga masa gam mai jure zafi don kada girgizar hanya ta kwance shi. Gwada ful sau da yawa ka ji faifan na kwanciya yana tashi.

Hure ƙura, goge idon furojektar da tsumma mai laushi, ka cika ramin haɗin da sabon danƙo inda tsohon ya ragu. Ɗumama, ɗora gilashi, matse da filaya mai tsumma a baki har kunnuwan su koma mazauninsu, ka mayar da sukurori tun da zafinsa. Kada ka yi amfani da silikon na gini, tururinsa na dusar da ƙyallin ciki, kuma ranar da za ka sake buɗewa za ka sha wuya. Ƙananan ramukan shan iska da ke bayan gidan kuma a bar su a buɗe, su ke fitar da gumi.

Haɗa waya

Wutar da ke fita daga balas tana iya yi wa mutum mummunan lahani. Kada ka taɓa ƙwai ko wayarsa fitila na kunne, kada ka yi aikin da jiƙaƙƙen hannu, kada kuma ka kunna ƙwan a waje da gidansa, don akwai matsi a cikinsa kuma haskensa na cutar da ido. Yawancinsu na ɗauke da ɗan sinadarin makuri, in ɗaya ya fashe a buɗe wurin ya sha iska, a nisanta yara. Riƙe ƙwan ta gindinsa. In yatsa ya taɓa kwalbar, goge da sifirit, domin maiƙon hannu na sa ta tsage in ta yi zafi. Akwai siririn sanda a gefen kwalbar, shi zai kalli ƙasa in ka zura ƙwan a furojekta.

Balas na jan kamar amfiya 3 zuwa 4 in ya daidaita, amma lokacin tashi yana fizgar ninkin haka. Siraran wayoyin tsohuwar mota ba sa son wannan fizga, shi ya sa ake sa rile don wutar ta zo kai tsaye daga batir. A gindin rile akwai lambobi huɗu. 30 na zuwa kan batir na fositif ta cikin fis, kuma fis ɗin ya kasance dab da batir. 87 na kai wuta ga balas biyu. 85 da 86 su ke shiga tsohon soket ɗin dim na gefe ɗaya, wanda yanzu aikinsa kawai ya ba rile umarni. Soket ɗin ɗaya gefen naɗe shi da tef ka ɗaure. Wayar negatif ta kowane balas a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, a kankare fenti har ƙarfe ya fito. Sau da yawa matsalar ƙiftawar fitila daga nan take fitowa.

Ɗaure balas da noti a wurin da ba ya kusa da lagireto ko bututun salansa, kuma ba inda ruwan taya ke fallatsa ba. Bakin soket ɗinsa ya kalli ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki. Mannewa da tef mai fuska biyu kaɗai ba ya jure zafin ƙarƙashin bonet. Wayar da ke tsakanin balas da ƙwai kada ka yanke ta, kada ka ƙara mata tsawo, kada ka naɗe ta tare da sauran wayoyi. In fitilar na da murfin baya, huda shi kamar milimita 25 ka sa zoben robar da ya zo da ƙwan. Kada a bar bayan a buɗe, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta rufe idon furojekta daga ciki.

Wayoyin maganaɗisu kuma a haɗa su da soket ɗin ful. In motarka ful daban dim daban ne, bar ƙwan ful ɗin da halojinsa. Zenon na ɗaukar daƙiƙu kafin ya kai cikakken haskensa, kuma kunna-kashe na cinye shi, don haka bai dace da fitilar da ake walƙa wa mutane ba. Mai H4 kuwa, da yake ƙwai ɗaya ke yin dim da ful, sai ya sayi wayar rile ta musamman ta H4, wadda ke riƙe balas a kunne lokacin da aka koma ful. In ba haka ba duk sanda ka ba da ful fitilar za ta ɗauke.

Abu biyu kan ba da mamaki a nan. Wasu motocin Amurka da Kanada suna kunna fitilar gaba da rana da ragaggiyar wuta. In ta dim suke bi, rile zai riƙa ƙara, balas ya lalace, sai mai riwaya ya cire wannan tsarin ko a sa abin daidaita wutar. Motocin Jamus na baya-bayan nan kuma kwamfutarsu na lura da wutar da ƙwai ke ja, in ta ragu sai ta nuna alama a dashbod ko ta yanke wutar. Su suna bukatar ɗan abin da ake sayarwa da sunan canbus.

Mayar da kan batir, tayar da inji, sannan ka kunna fitila. Ka riƙe wannan a matsayin ɗabi'a: inji tukuna, fitila daga baya, domin lokacin tayarwa wutar batir na faɗuwa, balas ya yi ta ƙoƙarin kamawa. In gefe ɗaya bai kama ba, kashe, zare soket ɗin da ke shiga balas ka juya shi. Halojin bai damu da fositif da negatif ba, balas kuwa ya damu. In har yanzu shiru, musanya balas na hagu da na dama. In matsalar ta bi balas, shi ne. In ta tsaya, ƙwai ne ko waya. A karon farko bar su a kunne kamar minti goma ba tare da kashewa ba.

Saiti

Jira dare. Nemi fili mai daidai da bango a gabansa. Iskar taya ta cika yadda ya kamata, but babu kaya, mutum ɗaya ya zauna a kujerar direba. Matso da motar dab da bango ka yi alama da alli daidai tsakiyar idon kowace furojekta. Ja da baya a miƙe har mita 10. Auna tsayin idon furojektar daga ƙasa, ka tabbatar ya yi daidai da alamar bangon, sannan ka ja wani layi santimita 10 ƙasa da ita. Wannan shi ne saukar kashi 1 cikin ɗari. A jikin gidan fitilar motocin Turai za ka ga an buga adadin, kamar 1.0% ko 1.2%, in akwai sai ka bi shi. Jif da sauran dogayen motoci su ƙara sauka, santimita 12 zuwa 15.

Tare fitila ɗaya da kwali daga ɗan nesa, ka saita ɗayar. Murɗa sukuron sama da ƙasa har shimfiɗaɗɗen ɓangaren layin, wato na hagu, ya hau kan layin allin ƙasa. Murɗa na gefe har gwiwar da tudun ke farawa ta zo daidai ƙarƙashin alamar wannan fitilar. Yi wa ɗayar haka. Daga nan taka zuwa mita ashirin ko talatin a gaban motar, ka rusuna daidai tsayin mai zaune a ƙaramar mota, ka dubi fitilun. Ya kamata ka ga haske mai sanyi da ido zai iya kallo. In ya soke maka ido, sauke su.

Tunda fitilarka ba ta da abin daidaita kanta, kai ne za ka riƙa yi. Motocinmu suna ɗaukar kaya, kuma da an loda buhuna a but mutum uku ko huɗu sun zauna a baya, gindin mota ya sauka, hancinta ya ɗaga, layin da ka saita ya koma cikin idon mutane. In motar na da ɗan maɓallin nan mai lamba 0 zuwa 3 kusa da sitiyari, murɗa shi zuwa 2 ko 3 duk sanda ka yi lodi. In babu, ajiye sukundireba a mota ka sauke fitilun kafin tafiyar dare, ka ƙirga zagayen da ka yi don ka mayar daga baya. In masu tahowa suna yawan walƙa maka alhali kana dim, koma bango ka sake awo. Ka riƙa wanke gilashin kuma kafin tafiya, don ƙura a kansa na watsa hasken zenon sama fiye da yadda take yi wa halojin.

Bayan mako guda sake duba notin balas da wayar negatif da layin bango, saboda ramukan hanya na motsa abin da aka ɗaura sabo. Ɗan gumi a cikin gilashi bayan ruwan sama da ke bushewa da kansa ba komai ba ne, amma in ruwa ya taru a ƙasa akwai inda danƙon bai kama ba, sai a ɗumama wurin a sake matsewa. Ƙwan zenon ba ya mutuwa farat ɗaya kamar halojin. Launinsa ne ke komawa ruwan hoda ko shunayya, yana ɗaukewa yana dawowa. In ɗaya ya fara haka, canza su biyun tare don launinsu ya zo ɗaya, kuma tsofaffin ƙwayayen halojin ɗinka ka naɗe su ka ajiye a mota in taka mai furojektar asali ce, domin in balas ya mutu a hanya su za ka mayar ka ƙarasa gida.